Takardar Maki a Matsayin Dokar Kariya: Gasar Rawa, Fareti da Alkafura a Makarantun Sakandaren Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasannin nuni da ɗaliban sakandare ke yi a gaban alƙalai, wato rawar gargajiya da fareti da alkafura da dalar mutane, tana mai la'akari da yanayin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Hujjar da take kafawa guda ɗaya ce: duk dokar kariya da ba a ɗaura ta da maki ba shawara ce kawai, domin takardar da alƙali ke riƙe da ita ce ke gaya wa malami da ɗalibi abin da za su ƙara a baɗi. An kawo shaida daga abin da ya faru a makarantun Amurka, an kuma amsa sukar da ake iya yi wa wannan ra'ayi ta fuskar al'ada da kuɗi da addini da adalcin alƙalanci.

Inda idon alƙali ke ba da maki

Wasannin da makarantunmu ke shiryawa iri biyu ne, ko da yake rana ɗaya ake yin su a fili ɗaya. Akwai waɗanda agogo ko igiyar awo ke yanke wa hukunci, kamar gudu da dogon tsalle da jifa. Waɗannan sun zo mana da dokokinsu a rubuce, kuma malamin wasanni a Kiru ko Doguwa ya san abin da zai yi wa yaron da ya riga busa tashi ko ya shiga layin wani. Akwai kuma waɗanda idon alƙali kaɗai ke ba wa maki: faretin gidaje a ranar gasar wasanni, rawar gargajiya a ranar al'adu ko bikin yaye ɗalibai, nunin da ake yi ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 'yancin kai ta 1 ga Oktoba, da alkafura da hawa kafaɗa da ake cusawa a cikin duk waɗannan don a burge 'yan kallo. A nan ne matsalar take. Idan ma'aunin nasara shi ne abin da ya fi burgewa, to malamin da aka damƙa wa gida zai duba abin da ya ci kofi bara, ya ƙara wani abu a kai. In bara an yi dala mai hawa biyu, bana sai a yi mai hawa uku. In an yi alkafura ɗaya, sai a jera uku. In an yi rawa da sanda, sai a kawo adda. Ba mugunta ce ke sa shi haka ba. Yana bin abin da ya ga ana sakawa a kai ne, kuma shewar 'yan kallo da liƙin manyan baƙi suna tabbatar masa cewa hanyar ke nan. Shugaban makaranta na iya tara malamai ya ce a kula da lafiyar yara, kowa ya amsa da gaskiya a ransa, amma muddin gidan da ya fi kasada ne ke tafiya da kofi, gargaɗin nan ba zai wuce ƙofar ofis ba.

Ƙasar da ta fi kowace tara shaida a kan wannan lamari ita ce Amurka, saboda wasan nan na ciyalidin da ɗalibai, akasari 'yan mata, ke yi a gefen fili don zuga 'yan ƙwallonsu. Ya faro ne a 1898 a Jami'ar Minnesota a matsayin jagorantar kirari da sowa kawai, kuma maza ne suka fara shi. Da tafiya ta yi nisa, musamman bayan Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da masu wasan a 1948, sai abin ya koma gasa mai zaman kanta, aka shigo da alkafura da ɗaga mutum sama da hannu da jefa yarinya sama a cafe ta. A 1982 aka buɗe cibiyar ƙidayar munanan raunukan wasanni a Jami'ar North Carolina ƙarƙashin Frederick Mueller, kuma alƙalumanta ne suka tona abin da kowa ke kallo amma bai lura ba. Sanarwar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2012 ta nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan matan sakandare suka samu a wasanni cikin shekara 25, wato irin waɗanda ke kai ga mutuwa ko shanyewar jiki ko taɓa ƙwaƙwalwa da laka, daga wannan wasa ɗaya suka fito. Abin lura shi ne, idan aka ƙirga raunuka gaba ɗaya, har da targaɗe da ƙujewa, wasan bai kai wasu wasannin yawan rauni ba. Haɗarinsa ba a yawa yake ba, a muni yake. Makaranta na iya shekara goma ba ta ga komai ba, ranar da za ta gani kuwa wuya ne ya karye.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi amfani gare mu. Tarayyar ƙungiyoyin wasannin sakandare ta ƙasar, wadda ake kira NFHS, tana da littafin dokoki na wannan wasa da na rawa, wanda take sabuntawa. A ciki an hana dala ta wuce tsayin mutum biyu, an wajabta mai tarba a bayan wanda aka ɗaga, an hana sa kayan ado na ƙarfe, an ce a yanke farce a ɗaure gashi, kada a tauna cingam, kuma duk wanda aka ga alamar bugun kai a tare da shi a fitar da shi nan take. A zangon 2006 zuwa 2007 aka hana jefa mutum sama a kan daɓe mai tauri, sai a kan katifa ko ciyawa ko makamancinsu, a 2012 kuma aka hana saukowa da juyi biyu a iska. Wani bincike da Rebecca Yau da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya gano cewa munanan raunukan da ake samu daga jefa mutum sama sun ragu kusan ninki huɗu bayan dokar farko. Yadda aka sa wa waɗannan dokoki haƙora shi ne abin dubawa: hukumomin jihohi da masu shirya gasa ne ke ajiye alƙali na musamman wanda aikinsa kawai ya ga an saɓa doka ya zaftare maki, wani lokaci har a kori ƙungiya daga gasar. Mai horarwa ya daina tambayar ko yaransa za su iya yin abu, ya koma tambayar ko abin zai ci masa maki. Wannan sauyin tambaya shi ne ya ceci wuyan yara.

Ƙasa da nisa

Wani zai ce waccan Amurka ce, mu nan ina ruwanmu. Amsa ta farko ita ce nauyin jiki da taurin ƙasa ba su san iyakar ƙasashe ba. Ɗalibin da ya tsaya a kafaɗar ɗan'uwansa kansa yana kusan mita 3 daga ƙasa. In ya kuɓuce, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya zai isa ƙasa da gudun da ya kai wajen kilomita 27 a awa. In hawa na uku ne, tsayin ya haura mita 4, gudun ya wuce kilomita 30. Masu bincike Brenda Shields da Gary Smith sun auna nau'o'in daɓe a 2009 don gano tsayin da faɗuwa daga gare shi ke iya jawo rauni mai barazana ga rai a ka, suka samu cewa a kan siminti santimita 15 ne kacal, alhali a kan daɓen wasa mai sifirin ya wuce mita 3. Yanzu a kwatanta da inda yaranmu ke wasa. Gaskiya ne kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma da damina filayen makarantu kan yi ciyawa. Amma ba da damina ake yawancin bukukuwan nan ba. Daga hunturu zuwa bazara ciyawar ta ƙone, jar ƙasa ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa da marmara, musamman a yankin duwatsu na Doguwa da Riruwai. In kuma aka shigar da rawar cikin ɗakin taro ko gaban ajujuwa, to kan siminti aka koma, wanda shi ne mafi muni duka. Daɗin daɗawa ga nisa. Ƙwararrun da ke aikin laka da ƙwaƙwalwa suna cikin birnin Kano ne, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Yaron da ya faɗi a kan wuyansa a Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora, sannan ya kama hanyar Kano, tafiyar sa'o'i a cikin motar da ba a yi ta don ɗaukar mai raunin laka ba. Kafin nan ma, hannuwan da suka fi ƙaunarsa ne za su ɗaga shi cak, su zaunar da shi, su zuba masa ruwa, wani ya ce a kai wa maɗori. Raunin da da an bar shi kwance an tallafe wuya zai iya warkewa, a wannan ɗagawar yake zama shanyewar jiki ta har abada. Inda magani ya yi nisa haka, hujjar hana faɗuwar tun farko ta fi ƙarfi a kan inda motar asibiti ke jira a bakin fili.

Amsa ta biyu ita ce, mu ma muna da namu wasannin kasada, kuma su ne yara ke kwaikwayo. Rawar Koroso, wadda ƙungiyar wasannin gargajiya ta Jihar Kano ta yi fice da ita tun shekarun 1970, cike take da lanƙwasa jiki da ɗaga juna da juyi. 'Yan hoto suna wurga garma sama su tarbe ta da ƙirji ko cinya. 'Yan tauri suna goga wuƙa a jiki, akwai masu wasa da wuta, akwai shaɗin Fulani. Abin da ake mantawa shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tsarin kariyarsa da ba a rubuta ba. Ɗan hoto ya tashi ne da garma a hannu tun yana yaro a gona, ya shekara da shekaru yana bin ubangidansa yana ɗaukar kaya kafin a bar shi ya wurga a bainar jama'a, kuma akwai babba a kansa da zai ce masa bai isa ba tukuna. Ɗan rawar Koroso na ƙungiyar jiha sana'arsa ke nan, kullum cikin atisaye yake. Makaranta kuwa takan ɗauki motsin ta bar shekarun. Mako biyu ko uku kafin biki ake tara yara da yamma, malamin da aka ba aikin sau da yawa darasinsa daban ne, abin koyi kuma bidiyo ne a waya. Saboda haka dokar da nake kira a rubuta ba baƙuwa ba ce a al'adar nan. Gurbin ubangidan nan mai cewa ba ka isa ba take cikewa, tunda makaranta ba ta da shi.

Yadda ya kamata a rage maki

Rage maki kansa yana iya zama haɗari in ba a tsara shi da hankali ba, kuma a nan nake so a daɗe. Abubuwa uku ne ke faruwa a fili waɗanda alƙali ke iya ruɗa su, alhali hukuncinsu ya kamata ya sha bamban. Na farko kuskure ne: ƙafa ta saɓa wa kiɗa, layi ya karkace, wani ya yi tuntuɓe. Wannan ragi kaɗan ya ishe shi, maki ɗaya ko rabi, domin kuskure wani ɓangare ne na koyo. Na biyu saɓa doka ne da gangan, kuma shi ba a fili aka yanke shawararsa ba, tun wurin atisaye malami ya zaɓe shi. Ƙa'idar da ya kamata a bi a nan lissafi ne mai sauƙi: ragin ya zarce duk ribar da motsin zai iya kawowa. In cikin maki 100 dala mai hawa uku za ta iya jan hankalin alƙalai su ƙara maki 5, ragin maki 2 ba hani ba ne, farashi ne, kuma malami mai wayo zai biya ya ci ribar 3. Sai ragin ya kai 10, ko gidan ya rasa matsayinsa a wannan fanni, sannan lissafin zai juya. Kuma a yanke ragin ko motsin ya yi kyau ko bai yi ba, domin in sai an faɗi ake hukunci, to an koya wa malamai cewa laifin shi ne faɗuwa, kasadar kuwa halal ce ga wanda ya yi sa'a. Na uku shi ne tsayawa saboda rauni, kuma wannan kada a rage ko rabin maki a kansa. A bar gidan ya fitar da yaron, ya huta, ya sake daga farko ko daga inda ya tsaya. A watan Maris na 2006 wata ɗalibar Jami'ar Southern Illinois, Kristi Yamaoka, ta faɗo daga saman dala ta samu tsagewa a ƙashin wuya da bugun kai, amma tana ɗaure a gadon ɗaukar marasa lafiya ta ci gaba da motsa hannuwa tana bin kiɗan makarantarsu, jama'a na tafi. Allah Ya sa ta warke. Abin da hoton nan ya nuna shi ne yaro mai kishin gidansa ba zai tsaya da kansa ba, kuma yaranmu da aka tarbiyyantar a kan jarumta da kunyar nuna ciwo sun fi kowa iya ɓoyewa. In tsayawa na cin maki, yarinyar da jiri ke ɗiba za ta daure ta ƙarasa, ƙawayenta ma za su roƙe ta ta daure.

Dokokin da za a ɗaura wa wannan babban ragi ba sa bukatar yawa. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, yadda ɗan aji ɗaya da mahaifinsa za su karanta su gane. Kada dala ta wuce hawa biyu, kuma duk wanda ƙafarsa ta bar ƙasa zuwa kafaɗar wani a sami mai tarba a bayansa wanda ba shi da wani aiki sai kallon kansa da wuyansa. Kada a jefa mutum sama ko kaɗan, tunda ba mu da daɓen da zai karɓe shi. Alkafurar da hannu ba ya taɓa ƙasa a hana ta a kan siminti da busasshiyar ƙasa. Kada a shigo da wuƙa ko adda ko garma ta gaske ko wuta ko kalanzir. Na katako da na kwali sun isa su nuna ma'anar rawar. A cire sarƙa da zobe da 'yan kunne masu reto, a maye gurbin fil ɗin ɗankwali da hijabi da ɗauri ko ɗinki, a kuma tabbatar mayafi ba ya da jelar da za ta naɗe wuya ko ƙafa. Ko littafin Amurkawa ya yarda a bar abin wuya na addini in an cire sarƙarsa an manne shi a jiki ƙarƙashin riga, don haka mai laya ko guru ba sai an shiga gardama da iyayensa ba, a ɗaure ta ciki kawai. Sai kuma haɗarin da ya fi kowanne yawan aukuwa a wurinmu, wanda bai shafi tsalle ba sam, wato rana. A Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, amma ana jera yara tun hantsi su yi ta tsayuwa ana jiran babban baƙo. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila, ga masu cutar kanta da masu asma da farfaɗiya, kuma zafi da ƙishirwa da ƙura suna tayar da waɗannan. Gidan da ya fito ba ruwan sha, ko bai tambayi iyaye lafiyar yaransa ba, a rage masa maki. Tsayuwar jiran baƙo kuwa laifin masu shirya biki ne, don haka doka ta ce yara su zauna a inuwa har sai an zo kansu, kuma kada a sa gasa da tsakar rana ko cikin azumi.

Sukar da ta fi nauyi a ganina ita ce cewa wannan zai kashe armashin wasa, ya kuma danne yaro mai baiwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A 2019 hukumar wasan motsa jiki ta duniya ta ba wani sabon salon saukowa na gwanar wasan, Simone Biles, daraja ƙasa da yadda ake tsammani, ta kafa hujja da haɗarin da ke ciki ga masu kwaikwayo, kuma mutane da yawa sun ga an zalunci gwana saboda waɗanda ba su kai ta ba. Haka nan za a sami yaro a Bebeji wanda zai iya alkafura uku a jere ba tare da ko gezau ba, doka ta hana shi. Amma makaranta ba dandalin ƙwararru ba ce. Abin da aka saka wa gwani a kai bana, yara ashirin da ba su da baiwarsa ne za su gwada shi baɗi, kuma dokar saboda su aka yi ta. Gwanin yana da inda za shi, wato ƙungiyoyin wasannin gargajiya da masu horarwa na gaskiya. Game da armashi kuwa, tarihin wasanninmu bai goyi bayan wannan tsoro ba. Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, da alƙalai da ƙa'idoji da lokaci, kuma har yau wannan gasa ta neman takobi ita ce wasan da ya fi tara jama'a a ƙasar. Dambe yana da turmi uku da mai raba gardama, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Langa ma an rubuta mata dokoki ta shiga gasar wasannin ƙasa. Abin da ya rage shi ne a mayar da makin da aka ɗauke daga kasada zuwa inda gwanintar rawa take tun asali: daidaituwar ƙafa da kalangu ko ganga, haɗin kan 'yan rawa, sutura, waƙa, da sanin daga ina rawar ta fito da abin da take nufi. Wannan ya fi wuyar koyarwa a kan hawa kafaɗa, kuma shi ne ya cancanci sunan ilimi.

Maganar kuɗi ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Makarantar da ke fama da kujeru ba za ta sayi katifar wasa ba, kuma shi ya sa tsarin da na kawo bai dogara da sayen komai ba. Hani kyauta ne, mai tarba ɗalibi ne, takarda shafi ɗaya ce, ruwa a randa ko jarka yake.

Akwai kuma masu cewa rauni ƙaddara ce, da masu cewa a soke raye-rayen gaba ɗaya a huta. Waɗannan biyu suna kama da kishiyoyi amma wuri ɗaya suke kai mu, wato ga barin abin ba tsari. Ga na farko, malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manyan manufofin shari'a, kuma yaron da iyaye suka kawo makaranta amana ne a hannun malami. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai riƙon amana nauyin sakaci ba. Ga na biyu, damuwar iyaye game da cuɗanyar maza da mata da irin sutura damuwa ce ta gaskiya a wannan yanki, kuma takardar maki ɗin nan ita ce wurin da ya fi dacewa a amsa ta, domin yadda ake rage maki kan dala mai hawa uku haka za a iya ragewa kan suturar da ta saɓa wa abin da makaranta da iyaye suka amince. Sokewa kuwa ba ta hana yaro alkafura. Tana mayar da ita bayan aji ne da kan yashin rafi da gefen madatsar Tiga, inda babu malami balle mai tarba, kuma tana raba 'yan mata da ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin motsa jiki da suka rage musu a makaranta.

Suka ta ƙarshe ta shafi alƙalan kansu. Kowa ya san ƙorafin da ke biyo bayan gasar gidaje, cewa an fifita gidan da mai kuɗi ke ɗaukar nauyi, kuma ana iya cewa ragin maki 10 sabon makami ne a hannun mai son zuciya. Maganin wannan yana cikin yadda aka rubuta dokar. Kyawun rawa ra'ayi ne, amma hawa uku ko biyu abu ne da kowa ke iya ƙirgawa, adda ta ƙarfe ce ko ta katako abu ne da ake iya taɓawa. A ware alƙalin kariya daban, wanda ba ya ba da makin kyau, zai fi kyau ya zo daga wata makaranta ko ya kasance ma'aikacin lafiya na yankin. Kowane gida ya nuna masa wasansa kwana biyu kafin biki, yadda za a cire abin da ya saɓa tun ba a shiga fili ba, domin burin ba a kama mai laifi ba ne. In an yi ragi a sanar da dalilinsa a lasifika, wayoyin 'yan kallo kuma sun isa shaida. A hana masu liƙi shiga fili sai an gama, saboda suna raba hankalin mai tarba kuma suna zama alƙalai na biyu masu saka wa kasada. Abu ɗaya da ya wajaba a tsare shi ne kada ragin ya sauka a bayan yaro. A rubuta shi da sunan gida da malamin gida, kuma a bayyana cewa dukan ɗalibi ko tozarta shi saboda an rasa maki laifi ne mai zaman kansa, wanda ya ci karo da manufar ƙasa ta 2021 kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu, da kuma dokar kare yara da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2023.

Wannan aiki bai bukaci sabuwar hukuma ba. Hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta jiha tana da ofisoshin shiyya da ke iya aika takarda ɗaya ga shugabannin makarantu, Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa tana da masu rawar da suka san wane motsi ne ke bukatar shekaru, kwamitocin iyaye da malamai kuma su ne za su sa ido. A ƙasan takardar makin a bar gurbi inda alƙalin kariya zai rubuta duk wanda ya ji ciwo ko ya suma, da abin da yake yi, da irin ƙasar, da ƙarfe nawa ne, ya sa hannu ko da abin da zai rubuta shi ne babu. Amurkawa ba su san girman matsalarsu ba sai da wani ya fara ƙirgawa a 1982, kuma ƙirgar ce ta nuna musu wace doka ta yi aiki. In makarantun waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suka tara irin wannan takarda na 'yan shekaru a ofishin shiyya, za a iya zama a duba ko rana ce ta fi kayar da yara ko dala, a tsaurara inda ya kamata, a kuma sassauta dokar da ta tabbata ba ta kare kowa.